Ranar da Na Ba Ruwan Sama Wa'adi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara taka filin jirgin sama ba, ranar da wani attajiri ya mayar da direbansa gida saboda maganar da ta fito daga bakina, ni da ko keken kaina ban mallaka ba.

Ina aji uku a jami'a a lokacin, ina karanta ilimin labarin ƙasa. Ni ba mai magana ba ne. Akwai waɗanda muka yi shekara biyu a aji ɗaya ba su san yadda muryata take ba, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma ba kullum nake jin ta ba. Abu ɗaya na iya a duniya, shi ne rubuta abu daidai yadda ya faru. Tun ina sakandare na kafa gwangwanin madara a kan soron gidanmu a Ƙofar Gayan. Duk ranar da aka yi ruwa sai in hau da rula in auna abin da ya taru, in rubuta ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya ɗauke, daga ina iska ta taso. Damina bakwai na yi ban tsallake ruwa ɗaya ba. (Har da ranar da nake zazzaɓi. Da bargo na hau, Inna tana ƙasa tana salati.)

Yadda nake rubutun shi ne abin lura. Gidanmu gidan karatu ne, a zauren Baba na fara riƙe alƙalami, saboda haka lambobin Larabci na fara sani kafin na boko, kuma har yau da su hannuna ya fi sabawa. Sai in ja layuka a takarda, tsaye da kwance, su fitar da ƙananan gidaje, in cika kowane gida da lamba, in rubuta sunan wata da ajami a sama. Da baƙar tawada. Ni dai a idona jadawali ne. Ban taɓa tambayar kaina da me yake kama a idon wani ba.

Wani malaminmu ne ya ga littafin, ya ce lallai sai na je Legas na gabatar da shi a taron ɗalibai, sashenmu ya saya mini tikitin jirgi daga Kaduna. Da Inna ta ji an ambaci jirgi, sai tafiyar ta koma tata.

"Da wannan 'yar shet ɗin za ka shiga cikin manyan mutane? Kamar ɗan kamasho? Wallahi ba daga gidan nan ba."

Ta fito da farar babbar rigar Baba da hularsa, ta ɗora mini hirami a kafaɗa wai saboda sanyin jirgi. Da yake kuma watan Agusta ne, ta ce littafina zai jiƙe a jakar leda, ta shiga ɗaki ta ɗauko gafakar marigayi kakanmu, irin jakar fatar nan da malamai ke zuba littattafai, ta rataya mini. Ga tabarau, ga ɗan gemun da ya zo mini da wuri ban gayyace shi ba. Na dubi madubi na ce, "Inna, ai na yi kama da mai zuwa tafsiri." Ta ce, "To da wa kake so ka yi kama?" Na sa kai na fita.

Jirginmu na sha biyun rana ne. Tun ƙarfe tara na isa (ina tsoron kada ya cika ya tashi, kamar motar tasha). Wajen sha ɗaya gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, aka yi tsawa biyu, ruwa ya kece. Wata murya a lasifika ta ce a yi haƙuri, an jinkirta tashi saboda yanayi. Kowa ya ja tsaki. Ni kuwa na zaro littafi na rubuta lokacin da ya fara, duk da babu gwangwani.

Da azahar ta yi muka taru a ɗan masallacin da ke gefen zauren jira, mu kusan ashirin. Aka ta da iƙama, aka tsaya ana kallon juna, kamar yadda aka saba in babu liman. Na lallaɓa zan shige sahu na biyu, sai wani hannu mai zobe ya dafa bayana.

"Bismillah, Malam."

"A'a, ranka ya daɗe, ai ga manya nan."

"Haba, Allah gafarta. Kana wurin wa zai shiga gaba?"

Kafin in haɗa wata jimla an tura ni. Allah ya taimake ni azahar ce, a ɓoye ake karatu, ba wanda ya ji rawar muryata sai a kabbara.

Mai zoben shi ne Alhaji Mudi. Dattijo ne dogo, zai haura sittin, shaddarsa har ƙara take in ya motsa. Motocin dakon kaya gare shi tsakanin Arewa da Kudu. Bayan an sallame ya matso ya ba ni hannu biyu.

"Malam daga ina?"

"Daga Zariya."

"Cikin birni?"

"Ƙofar Gayan."

"Allahu akbar," in ji shi, ya juya ya kalli na kusa da shi kamar na faɗi wani babban abu. "Ai na gani. Tushen ilimi ke nan."

Ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce yana da ɗa, Nura, shi ne babba. Shekara uku ba sa magana. Yaron ya ƙi zama a kan harkar motoci, ya ce shi aikin jinya zai koya, suka yi sa-in-sa a gaban mutane. "Na ce masa in ya fita kada ya dawo. Malam, ya fita. Ni na faɗa ne cikin fushi, shi kuma ya riƙe maganar kamar karatu." Yanzu Nura ya samu aiki a ƙasar waje, ranar nan zai tashi daga Legas, ba a san ranar dawowa ba. Uwar yaron ce ta gaya wa Alhaji a ɓoye.

"Ba na so ya tsallaka teku da wannan maganar a kansa. So nake in tsaya a gabansa in sa masa albarka. In ban isa Legas kafin takwas ba, ya shige ciki, shi ke nan."

Na ce, "Ba ku yi waya ba?"

"Waya? Ni in kira shi? Irin wannan ba maganar waya ba ce." Ya dubi agogo. "Ga abin da ake ciki. Direbana yana waje. An ce mini a Abuja rana ake yi, akwai jirgin ƙarfe shida. In na kama hanya kafin biyu da rabi zan same shi. In kuma wannan namu zai tashi, zama ya fi, hanya da ruwa ba ta da daɗi. Malam, me ka gani? Ruwan nan zai ɗauke?"

Ku fahimce ni. Shekara bakwai ba wanda ya taɓa tambayata komai game da ruwa. A gida in na fara bayanin gajimare ƙannena watsewa suke yi, har mage tana bin su. Yau ga babban mutum mai zobe ya tsaya gabana yana neman ra'ayina a kan abin da na fi sani a duniya. Ban tsaya na tambayi kaina ta yaya ya san ina nazarin ruwa ba. (Na ɗauka a fuska ake gani.)

Na buɗe gafaka, na zaro littafi, na nemo shafin Agusta, na riƙa bin gidajen da yatsa ina motsa baki ina lissafi. Alhaji ya ja da baya kaɗan, ya ɗora hannu a ƙirji. Na je taga na dubi sama. Gaskiya zan faɗa, na ga abin da ya kamata ya tsayar da ni. Iska ta kwanta, tsawa ta yi shiru, sama ta zama toka ɗaya daga gabas har yamma, ruwan yana sauka a hankali kamar baƙon da ya zo da jakar kwana. Amma littafina ya nuna ruwan da ya fara da iskar gabas kafin azahar yawanci ba ya daɗewa. Kuma ga mutum yana jirana, da irin girmamawar da ban taɓa ɗanɗana ba.

Na rufe littafi na ce, "Kafin la'asar zai ɗauke."

Nan take ya zaro waya ya kira direban. "Ka koma gida kawai, Malam ya ce za mu tashi." Ya kama hannuna ya ce ba zai yiwu in zauna a kujerar ƙarfe ba, ya shigar da ni ɗakin manyan baƙi.

Ni da na ɗauka masu kuɗi ba sa jiran komai, sai na tarar da su a jere cikin kujerun nan masu haɗiye mutum, ga sanyin esi, ga shayi, amma ba fuska ɗaya mai walwala. Kowa da waya a kunne, kowa yana ba wani haƙuri ko yana yi wa wani tsawa. Alhaji ya zaunar da ni a kujerar tsakiya, ya zaga ya yi wa mutum biyu uku raɗa. Na ga ana leƙo ni. Na ɗauka rigar ce ta yi mini yawa.

Wadda ta fara tasowa ita ce Hajiya Asabe, 'yar kasuwar atamfa da leshi, mace mai jiki da murya. 'Yarta ce ke naƙuda a Legas tun asuba, haihuwar fari, mijin kuma ya daina ɗaukar waya. Akwatinta cike yake da kanwa da kayan yaji na jego, ga ta nan ruwa ya tsare ta. Ta zo gabana, da leshinta da gwala-gwalanta, ta durƙusa a kan kafet.

"Allah gafarta Malam, a taimaka mana. Yarinya ce ƙarama."

Na zabura na miƙe, hirami ya zame, na tare shi. Babbar mace sa'ar Inna ta durƙusa mini! Na faɗi abin da kowa zai faɗa: "Allah ya sauke ta lafiya, Hajiya. In sha Allahu alheri za ki ji."

Ta shafa, ta koma wurinta. Ba a yi minti goma ba wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta miƙe tsaye, ta ce da ƙarfi, "Ta sauka! Namiji! Duk suna lafiya!" Aka yi ta barka. Abin da na lura da shi kawai, ba ita ake kallo ba, ni ake kallo. Wani mai kwat da ya shigo yana taunar cingam ya cire shi daga baki ya gyara zama.

Ko a nan ban gane ba. Na ce a raina, masu kuɗin nan ashe mutanen kirki ne, ga ladabi.

Sai Honarabul ya matso. Ban san ko na wace majalisa ba ne, kowa dai Honarabul yake ce masa. Waya uku gare shi, duka suna ƙara, yana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Manyan jam'iyyarsu ne suka kira shi taro a Legas, kuma labari ya iso masa cewa kujerarsa za a ba wani. Ya zauna dab da ni, turarensa ya cika mini hanci, ya nuna littafin da ke cinyata da leɓe.

"Malam, irin wannan aikin naka, za a iya samun shafi ɗaya?"

Daɗi ya kama ni. Ɗan majalisa yana son bayanan ruwan sama! Har na hango manoman mazaɓarsa suna shuka a kan lokaci saboda gwangwanina. Dama na yi kwafin shafukan don rabawa a taro, na zaro na watan Yuni na miƙa masa, na fara bayani. "Ka ga wannan layin na farko, ranka ya daɗe, shi ne..."

"A'a, a'a," in ji shi, ya ɗaga hannu. "Ba sai ka faɗi sirrin ba. Mun san ƙa'ida."

Ya ninke takardar gida biyu, ya ƙara ninkewa, ya ƙara, har ta koma kamar kan yatsa. Ya yi bismillah, ya cire hularsa, ya cusa takardar a ciki, ya mayar da hular kai, ya danna ta da kyau.

"Sawa kawai ake yi, ko akwai abin da ake karantawa?"

A nan ne na sunkuyar da kai na dubi shafin da ke buɗe a cinyata, na gan shi karon farko da idon wani. Gidaje gidaje, lambobin Larabci, baƙar tawada, ajami a sama. Hatimi. Sak irin wanda ake naɗewa a ɗinke a fata a yi laya. Na dubi gafaka, na dubi hirami, na tuna yadda na riƙa bin shafi da yatsa ina motsa baki. Alhaji bai tambayi ɗalibin labarin ƙasa ba. Malamin duba ya tambaya. Ni, ɗan mutumin da ba ya mako bai faɗa wa ɗalibansa a zaure ba cewa duk wanda ya ce ya san gobe su tashi su bar masa wurin.

Na dubi agogon bango. Uku saura kwata.

Wannan ne wurin da har yau yake cizona. Da na yi magana a lokacin, direban bai yi nisa ba, da gudu da addu'a wataƙila da an samu jirgin Abuja. Mutum goma sha suna kallona kamar in na yi tari za su ce amin. Sai na yi abin da na iya: na buɗe sabon shafi na fara rubuta yadda zan faɗi gaskiya. Na farko ya yi tsawo, na soke. Na biyu ya fara da "Da farko dai", na ga kamar jawabin bikin yaye ɗalibai, na soke. Ina cikin na uku na ji Hajiya Asabe tana cewa, "Don Allah a rage talabijin ɗin nan, Malam yana aiki." Aka kashe shi gaba ɗaya. Wata ma'aikaciya ta ajiye mini shayi da kaza a gefe, tana tafiya a kan yatsun ƙafa.

Na yi addu'a a ranar irin wadda ban taɓa yi ba, Allah ya ɗauke ruwan nan. (Kuma in faɗi gaskiya, ba don Alhaji da ɗansa na fara roƙo ba, don kaina ne. Allah ya yafe mini.) Duk minti biyar in saci kallon taga. Ruwa yana nan, bai ƙaru ba, bai ragu ba, ko a jikinsa.

Aka kira la'asar. Na ga sun fara miƙewa suna dubana, na ce zan sabunta alwala, na shige bayi na kulle ƙofa, ban fito ba sai da na tabbata wani ya ja su. Na yi tawa ni kaɗai a lungu. Da na dawo ɗakin, huɗu da rabi ta yi, lasifika ta buɗe: jirgin da zai zo ya ɗauke mu ya kasa sauka, ya juya, tafiya sai gobe da safe.

Alhaji Mudi ya dubi agogonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a hankali. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya juyo ya ce, cikin ladabin nan dai, "Malam, ko akwai abin da ya tare aikin?"

"Maƙiya ne," in ji Honarabul, yana dafe da hula. "Wallahi da hannun mutum a ruwan nan. Ni na san su."

Na miƙe da takardata a hannu. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Muryar da ta fito ma ban san ina da ita ba, har mai gadin ƙofa sai da ya leƙo.

"Ni ba malami ba ne! Ɗalibi ne, aji uku. Wannan ba hatimi ba ne, lissafin ruwan da ke taruwa ne a gwangwanin madara a kan soron gidanmu. Rigar ta Babana ce. Gafakar ta kakana ce. Ban san gobe ba, ko yau ɗin ma ga shi ban sani ba."

Honarabul ya ɗaga hannu a hankali ya cire hula, ya zaro 'yar takardar, ya warware ta ninki bayan ninki.

"To wannan da ke kaina tun ɗazu fa?"

"Ruwan watan Yuni ne, ranka ya daɗe. Na bara."

Hajiya Asabe ce ta fara. Ta fashe da dariya har ta kama hannun kujera, ɗankwalinta ya karkace. "Honarabul, damina ka ɗora a ka! Wayyo cikina!" Ta share hawaye ta juyo kaina. "Kai kuma ɗan nan, ni fa tun da na leƙa waje na ce a raina wannan marka ce, ruwan Agusta mai wuni, ko tsohuwar da ba ta gani ta san ba ya ɗaukewa. Amma na ji an ce Malam ya yi magana, na ce wace ni."

Mai kwat ya ce, "To haihuwar fa?"

"Haihuwa wata tara ake jiranta, yallaɓai, ba shi ya kawo ta ba!"

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu. Na je gaban Alhaji Mudi na durƙusa, babbar riga ta baje a ƙasa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Tun uku saura kwata na gane abin da kuka ɗauke ni. Kunya ce ta hana ni magana."

Ya dube ni ya ce, "Me ya sa ka ce kafin la'asar?"

"Ba wanda ya taɓa tambayata, Baba. Daɗi na ji."

Ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma ban tambaye ka ko kai wane ne ba. Riga na tambaya, riga ta ba ni amsa." Ya sake duban agogo. "Shi ke nan. Yaron zai tafi."

Dariyar Hajiya ta tsaya. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, kamar ta shekara da saninsa. "Alhaji, kira shi."

"In ya ga lambata ba zai ɗauka ba."

"Ka taɓa gwadawa?"

Ya girgiza kai.

"To kada ya ga lambar taka. Kai, malamin gwangwani, kawo wayarka."

Na zaro 'yar wayata mai tsagaggen gilashi, wadda na ɗaure bayanta da roba. Alhaji ya karanto lambar da ka, bai duba ko'ina ba, bai yi tuntuɓe a ko ɗaya ba. Da ta fara shiga na miƙa masa, ya ture hannuna.

"Kai ka ɓata, kai za ka fara."

Ni da ko mai shago ba na iya ce wa ya ba ni canji daidai. Aka ɗauka.

"Salamu alaikum. Nura ne?"

"Eh, wa ke magana?"

"Ba ka san ni ba. Ni ne... ni ne wanda ya hana babanka zuwa."

"Ka hana wa?"

"Tun safe yake filin jirgi a Kaduna, wurinka zai zo. Akwai hanyar Abuja, na ce masa ya zauna ruwa zai ɗauke. Bai ɗauke ba. Laifina ne, ba nasa ba."

Sai na ji muryarsa ta ƙanƙance kamar ta yaro. "Baba ne zai zo wurina?"

Na ɗora wa Alhaji wayar a tafin hannu na ja da baya. Ya kai ta kunne, ya gyara murya sau biyu. Duk muka zuba ido muna jiran babbar magana.

"Nura," in ji shi. "Ka ci abinci?"

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Alhaji ya tashi ya tafi bakin taga ya juya mana baya, ruwa yana gangarowa a gilashi a gabansa. Ba mu ji abin da suka faɗa ba, ban da "Allah ya yi maka albarka" da na ji sau uku, na ukun da ƙyar ya fito. Sun yi magana har batirina ya ƙare. Ya dawo da jajayen idanu ya miƙa mini wayar, ya ce esin ɗakin nan yana sa ido ruwa. Honarabul ya ce wallahi shi ma tun ɗazu yake ji.

Bai ga ɗansa ba. Wannan ba abin da zai gyara shi, kuma ni na jawo. Amma yaron bai tafi da waccan maganar a kansa ba.

Na ɗauka an gama. Bayan mako biyu ina ɗaki ina karatu aka ce ana sallama da ni a zaure. Wata doguwar mota ta kasa shiga lungunmu, an bar ta a bakin titi, Alhaji Mudi ya tako da ƙafa yana tambayar gidan malamin da ɗansa ke auna ruwa. Na tarar da shi zaune a tabarma gaban Baba, ɗalibai sun ajiye littattafai, yana ba da labarin tun daga limanci, bai tsallake ko kazar ba. Ya ce yanzu kowace Juma'a sai Nura ya kira shi, shi ya sa ya zo godiya. Ɗalibai suna ta danne dariya a cikin hannun riga. Baba bai ko murmusa ba. Da aka gama ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka ce kafin la'asar?"

"Na ce, Baba."

"Ka ce in sha Allahu?"

Na dubi tabarma.

"To," in ji Baba. Bai ƙara komai ba, kuma da bulala ce da ta fi sauƙi.

Alhaji ya miƙe zai tafi, har ya sa takalmi, sai ya juyo. "Af, na manta. Honarabul yana gaishe ka. Ba a karɓe kujerar ba. Ya ce in tambaya ko akwai na watan Yuli."

A nan ne Baba ya kasa, ya juya fuska bango kafaɗunsa suna rawa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In baƙo ya ba ka girman da ka san bai yi daidai da kai ba, ka tambaye shi wa yake zaton kai ne, tun kafin a kawo shayi. Kuma yanzu in aka tare ni a hanya aka ce, "Malam, yau za a yi ruwa?" ko yana zuba a kaina, nakan ce Allah ne masani, in ƙara sauri.